Skipton a wuni ɗaya: fada, kasuwa da kanal, ko a wuce Bolton Abbey?

Maman Khalifa: Assalamu alaikum jama'a. Wa ya san garin Skipton na arewacin Ingila sosai? Ana son kai baƙi daga Leeds ranar Asabar: manya huɗu, yara uku, ɗaya na goye, cikin manyan kuma akwai dattijuwa mai ciwon gwiwa. Abin da aka lissafa shi ne fadar garin, kasuwa, jirgin ruwa, Bolton Abbey (kangon tsohon gidan rahibai a bakin kogi) da Malham Cove (wani babban gangaren dutse). Zai yiwu a wuni ɗaya? Kuma jirgin ƙasa ya fi ko mota?

Malam Bala: Wa alaikumus salam. Maman Khalifa, taura biyu ma ba ta taunuwa, balle biyar. Uku na farko duk a cikin gari suke, ƙafa ce ke kai mutum. Bolton Abbey mil 6 ne daga gari, Malham kuma kamar mil 11 a kan siririyar hanya mai katangar dutse hagu da dama. Ki soke Malham tun yanzu. Daga ƙauyen zuwa gindin dutsen tafiyar mil guda ce, dutsen tsawonsa mita 80, hawansa matakala kusan 400. A saman kuma shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa ne mai tsage-tsage masu zurfi, in aka yi yayyafi santsi yake kamar an shafa masa kuɓewa. Ba wurin mai goyo ba ne, ba wurin mai gwiwa ba.

Kin dai dace da rana. Kasuwar Skipton tana ci Litinin, Laraba, Juma'a da Asabar, ta Asabar ce ta fi cika.

Injiniya Sabo: Jirgi ya fi, in dai cikin gari za a tsaya. Daga Leeds kamar minti 45 ne, yawanci duk rabin awa akwai mai tashi. Layin yana bi ta Shipley, Saltaire, Bingley, Keighley, Steeton da Silsden, Cononley, sai Skipton. Mutanen Bradford su kula, tashoshi biyu ne a garin, na Skipton daga Forster Square yake tashi, ba daga Interchange ba.

Ga inda ake faɗawa rami: tikitin yawon wuni na Yorkshire ta Yamma iyakarsa Steeton da Silsden. Skipton tana Yorkshire ta Arewa. Wanda ya wuce da shi ba tare da sayen ciko ba, ana lissafa shi a matsayin marar tikiti, tarar kuma fam 100 ce tun 2023, ban da kuɗin tafiyar, sai dai tana komawa 50 in an biya cikin kwana 21. A sayi na je-ka-dawo har Skipton tun daga gida. Katin rangwamen iyali yana ɗaukar manya huɗu da yara huɗu, yana cire kashi ɗaya cikin uku na kuɗin manya da kashi 60 cikin ɗari na yara, ɗan ƙasa da shekara 5 kuma ba ya biya. Asabar duk wuninta farashi mai sauƙi ne. A dai duba daren Juma'a ko akwai gyaran layi, domin a ƙarshen mako suke yinsa, su sa mutane a bas, tafiyar ta kusa ninkawa.

Baban Ummi: Injiniya, ban yarda ba. Mutum bakwai da keken jariri da kular abinci da Hajiya mai gwiwa, ka ce jirgi? Daga tasha zuwa bakin kasuwa tafiyar minti 10 ce ga mai lafiya, fadar kuma tana can saman titi. Da mota akwai babban wurin fakin bayan zauren taron gari, akwai wani a Coach Street dab da jiragen ruwa. Sharaɗi ɗaya ne, a iso kafin ƙarfe 10. Bayan nan sai zagaye. Kada kuma a ajiye mota a kan daɓen duwatsun da ke gefen High Street, nan ne 'yan kasuwa ke kafa rumfuna.

Injiniya Sabo: Mutum bakwai ai sai mota biyu ko babba mai kujera bakwai, da kujerun yara na doka. Akwai tasi a bakin tasha, Hajiya da mai goyo su shiga, sauran su taka. Masu takawa ma sun fi riba: za su wuce Belle Vue, tsohuwar masaƙar Dewhurst inda ake yin zaren ɗinki na Sylko, su haye gadar Belmont su hango kanal, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage, su bi Swadford Street su faɗo ƙasan kasuwa.

Baban Ummi: To, in ba za a fita gari ba na sallama. In da Bolton Abbey a ciki, ban sallama ba.

Maman Khalifa: Na gode. Da wanne za a fara, kasuwa ko fada?

Yaya Hadiza: Fada, ƙanwata, ba tantama. Wanda ya fara da kasuwa da ledoji zai hau matakala. Kuma da safe babu cunkoso a lungunan, waɗanda wasunsu mutum ɗaya kawai suke ɗauka.

Ga abin da za ki gaya wa baƙin don kada su ga dutse kawai. Robert de Romille, Banormande, shi ya fara kafa ta wajen 1090. A 1310 Sarki Edward na 2 ya ba Robert Clifford, wanda ya ƙarfafa ta da hasumiyoyi masu kewaye, shekara huɗu bayan nan aka kashe shi a yaƙin Bannockburn da mutanen Sikotland. Lokacin yaƙin basasar Ingila tsakanin sarki da majalisa, fadar tana ɓangaren sarki, aka yi mata ƙawanya shekara uku, sai a Disambar 1645 ta miƙa wuya, ita ce ta ƙarshe cikin manyan sansanonin sarki a arewa. Mutanen gari suna cewa fatun tumaki aka rataya a bango don su rage ƙarfin harsashin igwa. Labarin baka ne, amma yara suna sonsa. Daga baya 'yan majalisa suka sa aka yaye rufin aka rage tsawon bangon.

Wadda ta tashe ta mace ce, Anne Clifford. A cikin fadar aka haife ta a 1590. Mahaifinta ya rasu a 1605 ya bar wa ƙanensa ƙasar, ita kuwa ta ƙi haƙura, aka yi ta shari'a da jan-in-ja, gadon bai dawo hannunta ba sai 1643, shekara 38 ke nan. An bar ta ta gyara bisa sharaɗin rufin ba zai yi ƙarfin ɗaukar igwa ba. In kun shiga tsakar gida za ku ga wata bishiya a tsakiya da dakalin dutse kewaye da ita, ita ta shuka ta a 1659, har yau tana nan ta rufe sama. Ku ɗaga kai kuma a babban zaure kafin ku shiga, an sassaƙa kalmar Desormais da manyan haruffan dutse, taken gidan ne da tsohon Faransanci, ma'anarsa "daga yau".

Anti Rabi: Bishiyar nan, a tsare yara. Irinta ganyenta da ƙwallon cikin jajayen 'ya'yanta guba ne. Kada su tsinta su kai baki.

Malam Bala: Gaskiyar Anti. Ƙari a kan na Hadiza: fadar mallakin iyali ce, tun 1956 tana hannun gidan Fattorini, kuma akwai sashen da mutane ke zaune a ciki, ba a shiga. Saboda haka katin zama memba na ƙungiyoyin kula da wuraren tarihi, National Trust ko English Heritage, ba ya aiki a ƙofar. Da yawa suna zuwa da shi suna zaton kyauta za su shiga. Ana ba da takarda mai zane-zane da ke nuna ɗaki bayan ɗaki, a bi ta a jere, in ba haka ba sai an tsallake kurkuku ko hasumiyar tsaro ba a sani ba. Awa ɗaya da rabi ta isa.

Abin da ya fi riƙe yara ba ɗakin liyafa ba ne, masai ne. Wani ɗan ɗaki ne da ya leƙo waje daga bango, rami ne kawai, ƙasansa rafin Eller Beck can nesa. Sai kurkuku, wanda ba taga ko ɗaya. A ɗakin girki a nuna musu girman murhu da tanderun burodi.

Game da Hajiya: kada a matsa mata. Tun daga ƙofar ciki matakala ce, na sama kuma masu murɗewa ne, duwatsun sun side a tsakiya saboda taku na ɗaruruwan shekaru, ƙofofi gajeru. Filin ciyawa na waje a shimfiɗe yake, akwai kujeru da wurin shan shayi, tana ganin ginin gaba ɗaya daga nan. Keken jariri ba ya shiga ciki, zani ko majanyi ya fi.

Yaya Hadiza: Cocin Holy Trinity tana jikin ƙofar fada. Ga mai sha'awar tarihi, kaburburan gidan Clifford suna ciki, har da na George, mahaifin Anne, mai kai hari kan jiragen Sifaniya a zamanin Sarauniya Elizabeth ta 1. A gilashin wasu tagogi akwai haruffan A da P da shekarar 1655, alamar gyaran da Anne ta yi bayan ɓarnar yaƙi. Minti 15 ya isa. Wanda ba ya son shiga, harabar ita ce wuri mafi kyau na ɗaukar hoton kasuwa daga sama har ƙasa.

Ardo: A bar ni in ce wani abu kan kasuwa, kada baƙi su zo da tunanin Kurmi ko Wudil su ji haushi. Titi ɗaya ne mai faɗi, rumfuna layi biyu a gefe: kayan lambu, cuku, kifi, zuma, furanni, safa da rigunan sanyi, tarkacen gida. Awa guda ka gama. Ba a taya kaya, farashi a rubuce yake, sai dai mai kayan marmari yakan sauke da kansa wajen ƙarfe 3 in zai tashi. Zuwa 4 an fara naɗe rumfa. Ranar da iska ta yi ƙarfi wasu ba sa kafawa ma, saboda tana ɗaga rumfar. A riƙe 'yan tsabar kuɗi, ba kowa ke da na'urar kati ba.

Abin da ya sa ake ce wa irin waɗannan garuruwa garin kasuwa shi ne izini. A da ba kowane ƙauye ke da ikon cin kasuwa ba sai da takardar sarki. Ta Skipton Sarki John ya bayar a 1204, kuma har yau haƙƙin yana hannun mai fada, shi ke ba majalisar gari dama ta gudanar. Faɗin titin nan ma ba don ado ba ne, dabbobi ake tsayarwa a kai. Sunan garin kansa "garin tumaki" yake nufi a tsohon Turanci, yana cikin littafin ƙidayar Domesday na 1086.

Baban Ummi: Ardo an zo gida. To ina tumakin yanzu?

Ardo: Suna kara, a Gargrave Road, bakin gari. Gwanjo ake yi a zagayen fili, ana shigo da su garke-garke, mai gwanjo yana zuba lissafi kamar ruwan sama, masu saye suna ɗaga yatsa ko gira. Litinin ce ranar tumakin yanka. Kaso mai yawa na tsofaffin tumakin ƙasar nan mahautan halal ne ke saye, shi ya sa kuɗinsu ke tashi gab da azumi da Babbar Sallah. Amma kada wani ya yi tunanin sayen rago ya tura a but. Sai kana da lambar rajistar gona, kowace dabba da alama a kunne, kowane motsi da takarda, yankan addini kuma sai a mayanka mai lasisi. Kallo dai kyauta ne, a sa takalmin da ba a jin tausayinsa.

Anti Rabi: Abinci, domin nan ne ake yin kuskure. Abin da garin ya yi suna da shi wani ɗan burodi ne mai cikin naman alade, za ku ga layi a ƙofar mahauta, ƙamshi har titi. Ba namu ba ne. Wanda ya fi ruɗi shi ne kifi da dankali. Kifi halal ne, amma al'adar Yorkshire da kitsen shanu ake suya, ba da man girki ba, shanun kuma ba yankanmu ba. Wasu kuma da giya suke kwaɓa fulawar da ake tsoma kifin. Tambaya biyu ce kafin a biya: da wane mai kuke suya, kuma akwai giya a kwaɓin? Ba sa jin haushi, sun saba.

Kayan fulawa masu ɓawo, ko da na tuffa ne, ana iya yin ɓawon da kitsen alade, a nemi mai alamar V ta masu cin ganye. Alawa mai danƙo yawanci da jelatin. Kek mai busassun 'ya'yan itace sau da yawa an jiƙa shi da barasa. Cukun Wensleydale a rumfar kasuwa suna ba da ɗanɗano kafin a saya, a tambayi abin da aka daskarar da shi. Mafi sauƙi a taho da dafa-duka a kula, a zauna a Aireville Park, akwai filin wasan yara, yana kusa da tasha ta ƙetaren kanal.

Sai karnuka. Ko'ina suna nan, a kasuwa, a jirgi, har ƙarƙashin tebur a shagon shayi. A gaya wa yara tun a gida kada su ruga da gudu ko su yi ihu, gudun ne ke jawo kare.

Ustaz Nura: Akwai masallaci a unguwar Broughton Road, ɓangaren tasha, Keighley kuma da ke kan layin tana da masallatai da yawa da gidajen abincin halal. Kada a ce za a yi ƙasaru: Leeds zuwa Skipton mil 26 ne, tazarar ƙasaru a mazhabar Malikiyya mil 48 ce. A cika salla. A lura da lokaci kuma, a Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4, azahar da la'asar da magariba duk suna faɗowa cikin awa huɗu, a tsakiyar yawon. A Yuni kuwa magariba sai bayan tara da rabi. A fito da alwala, a sa huffi ko a ɗauki ƙaramar buta.

Maman Khalifa: Allah ya saka, Ustaz. Jirgin ruwan fa? Ya cancanci kuɗinsa?

Injiniya Sabo: Ga Hajiya shi ne ma ya fi komai, a zaune za ta ga gari. Kanal ɗin shi ne na Leeds zuwa Liverpool, mil 127, da hannu aka haƙa, ya iso Skipton a 1773, ba a gama shi duka ba sai 1816. Shi ya kawo kwal da auduga ya mai da garin tumaki garin masaƙu. Akwai ɗan reshe na kusan rabin mil, Springs Branch, wanda mai fada na lokacin ya sa aka haƙa don kwaso dutsen farar ƙasa daga bayan fada. A mashayar jiragen da ke Coach Street, inda gunkin ɗan wasan kurket Fred Trueman yake, ana samun gajeren zagaye na minti 30 da na awa guda. Da yara ƙanana a ɗauki gajeren. Da hunturu jiragen suna raguwa sosai.

Masu son hayar jirgi su tuƙa da kansu: ba a neman lasisi, ana koya maka a bakin ruwa. Gudu bai wuce mil 4 a awa ba. Ana bin hannun dama, saɓanin titi. Sandar tuƙi a baya take, in ka tura ta hagu hancin jirgi ya yi dama, a nan sababbi ke dukan bango. Babu birki, sai ka sa injin baya, kuma ba ya tsayawa nan take. Wajen Skipton an yi sa'a, kusan mil 17 ne tsakanin Bingley da Gargrave babu matakalar ruwa (ƙofofin da ake ɗaga jirgi ko a sauke shi da su) ko ɗaya, amma akwai gadoji masu juyawa, sai mutum ɗaya ya sauka da mabuɗi ya tura, jirgi ya wuce, ya mayar ya kulle. Wuni guda yake ci, ba na wannan Asabar ba ne.

Malam Bala: Akwai wanda ba a biyan ko kwabo kuma ya fi jirgin nuna fadar. Daga Mill Bridge, kusa da coci, a sauka gefen reshen kanal a bi 'yar hanyar da ke tsakanin ruwa biyu, kanal a hannu ɗaya, rafi a ɗayan. Minti 10 sai ga fadar a kan gangaren dutse can sama. A nan mutum ke gane dalilin da ya sa aka shekara uku ba a ci ta ba: ta baya ba ta hawuwa, ta gaba kaɗai ake iya zuwar mata. Hanyar tana shiga dajin fada, amma da laka bayan ruwa.

In sama ta ɓalle, a shige zauren taron gari, gidan tarihi na Craven yana ciki, kyauta. Suna da kwafin bugun farko na wasannin Shakespeare na 1623, ko da yake bai cika ba.

Baban Ummi: Har yanzu ina nan kan Bolton Abbey. Baƙo ya zo daga nesa, a hana shi ganin wurin da ya fi ko'ina kyau? A gama fada da kasuwa zuwa ƙarfe 1, a bar jirgin ruwa, a bi hanyar A59, minti 15. Kangon gidan rahibai ne na 1154 a bakin kogin Wharfe, ƙasar ma 'yar gidan Romille ce ta bayar, kun ga labarin ɗaya ne da na fada. Hasumiyar da aka fara a 1520 ba a ƙarasa ba har Sarki Henry na 8 ya rufe gidajen rahibai. Rabin cocin kango ne, rabi har yau ana ibada a ciki. Kuɗin shiga na mota ne, ba na kai ba, kuma ya fi sauƙi in an biya ta intanet tun kafin a zo.

Yaya Hadiza: Kyau kam akwai, Baban Ummi, amma a faɗi sauran. Daga wurin fakin na ƙauye zuwa kangon gangara ce a cikin ciyawa, dawowa kuma hawa. Duwatsun tsallake kogin kusan 60 ne, in kogi ya kawo ruwa yana rufe su, akwai gada a gefe, yara su bi ta nan. Sannan Strid, kamar mil 2 sama. Wurin da kogin gaba ɗaya ya matse ya koma faɗin da bai fi mita 2 ba, kamar kwatar da yaro zai tsallake. Ruwan bai ragu ba, juyawa ya yi a tsaye, zurfi ne da koguna a ƙarƙashin dutsen, bakin kuma gansakuka ce. Ya ci mutane da dama. Da yara uku, ko dai hannu a hannu daga nesa, ko kada a je.

Injiniya Sabo: Kada kuma a ga "tashar Bolton Abbey" a taswira a zaci daga Skipton ake hawa. Jirgin kwal ne na yawon shaƙatawa, daga Embsay yake tashi, kusan mil 2 daga gari, layin mil 4 ne, ba kullum yake aiki ba. In ya sauke ka kuma saura tafiyar mil ɗaya da rabi kafin kangon.

Maman Khalifa: To an tsayar: jirgin ƙarfe 9, tasi ga Hajiya, fada, kasuwa, abinci, sai jirgin ruwa. Bolton Abbey sai wata Asabar da mota. Baban Ummi a yi haƙuri.

Baban Ummi: Ba komai, Maman Khalifa. Ranar a yi fakin a na bakin kogi, wajen gidan shayi na Cavendish Pavilion, ya fi shimfiɗa ga mai gwiwa.

Anti Rabi: A sayi tikitin jirgin ruwan tun da safe lokacin wucewa, na bayan azahar yana cika ranar Asabar. Kuma rigar ruwa mai hula ga kowa, ba lema ba, iskar High Street tana juya ta.